Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa da Zanen Hanyoyi: Misali Daga Birnin Katsina

A cikin watan Janairu na shekarar 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina, wadda gwamnatin Aminu Bello Masari ta gina. A zamanin nan, irin wannan aiki akan gama zana shi ne a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, tun kafin a kafa diga a ƙasa.

Asalin fasahar daga Amurka ne. A 1963 Ivan Sutherland ya ƙago Sketchpad, a 1982 kuma kamfanin Autodesk ya fito da AutoCAD, wanda a hankali ya maye gurbin allon zane da rula. 'Yan safiyo ne ke auno tudu da kwarin wuri, a zuba awon cikin na'ura, ita kuwa ta fito da siffar ƙasar. A bisa wannan siffa injiniya ke shimfiɗa hanyarsa. Na'urar ta lissafa yawan ƙasar da za a haƙe da wadda za a cike, da faɗin kwanar da tirela za ta iya sha, da nauyin da kowane ginshiƙin gada zai ɗauka. In an gusar da layi ɗaya, sai lissafin duka ya sake nan take.

Amma a Katsina babban abin tsoro shi ne ruwa. Damina gajeriya ce, sai dai ruwan Agusta yakan zubo da ƙarfi a lokaci guda, hanyar da aka haƙa kuwa, in an yi sake, tafki za ta zama. Na'ura tana iya fitar da girman magudana, amma fa da alƙaluman da aka ba ta take aiki. Kududdufan da magina suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini su ne a da ke shanye ruwan unguwanni, ga shi an cike da yawansu an yi gidaje. In tsohuwar taswira aka ba ta, sai ta dogara ga kududdufin da babu shi.

Haka kuma zancen ganuwa. A wurin na'ura, ragowar ganuwar Katsina tudun ƙasa ne kurum, kuma hanya mafi arha tana iya bi ta kansa. Sai injiniya ya shata wurin da kansa ya ce ba a taɓawa, sa'an nan na'urar ta kewaye shi. Sanin inda za a shata, ko a Ƙofar Guga ko a Ƙofar Marusa, yana hannun masana tarihi da fadar Sarki, kuma tun ana zane ake bukatarsa, domin in katafila ta iso wuri ya riga ya ƙure.