Shago Ya Yi Kyau, Ina Masu Biki?

Ga wani kacici-kacici daga Jalingo, ina so mai karatu ya taya ni warware shi. Mata biyu ne, kusan sa'annin juna, suka shiga sana'a ɗaya ta tsara biki, tun daga kamu har zuwa kai amarya. Ta farko ta kama shago a unguwar Sarkin Dawaki, ta yi masa fenti, ta kafa allo, ta buɗe shafi a Instagram da Facebook ta cika shi da hotunan ado masu ɗaukar ido. Ta biyu ba shago, ba allo, jakar hannunta ce ofishinta. Amma watanni suka shuɗe ta farko ba ta ɗaura ko ƙyalle ɗaya a wurin biki ba. Ta biyu kuwa, mai son ta yi masa aiki sai ya kama layi tun da wuri. Me ya jawo haka?

Kada a ce garin ne ba ya biki. Jalingo, fadar masarautar Muri, ta zama babban birnin jiha a 1991, lokacin da aka raba tsohuwar Gongola aka fitar da Taraba. Tun daga nan take cika tana batsewa da ma'aikata da 'yan kasuwa, ga kuma ɗalibai bayan kafa jami'ar jiha a 2008. Fulani, Mumuye, Kona, Jukunawa, Hausawa, kowa na aurar da 'ya'yansa. Gab da azumi da bayan Sallah ɗaurin aure ba ya yankewa, Disamba na kamawa kuma coci-coci su karɓa. Kasuwa dai akwai ta. To, wa ya tare wa ta farko hanya?

Wanda na fara tuhuma shi ne kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi, daga shinkafa har hayar kujeru, kuma uban da ke fama da kayan ɗaki da wuya ya ƙara wa kansa kuɗin mai tsara biki. Zance ne mai kama hankali, sai dai bai je ko'ina ba, domin ta biyu ba ta fi araha ba. Hasali ma ta farko ta rage farashi, ta sake ragewa, har ta yi alkawarin ƙawata kujerar ango da amarya kyauta. Shiru kake ji. Na wanke kuɗi daga laifi, na nemi na gaba.

Na gaba shi ne talla. Wataƙila ba ta kai inda ake so ba, wataƙila da a gidan rediyon jiha aka sa ta da an dace. Nan ma sai shaida ta ƙaryata ni. Wayar ta farko cike take da saƙonnin 'yan mata masu shirin aure. "Anti, nawa kike yin kamu da dina?" A yi hira, a zaɓi launi, a tura hotuna, a kai har maganar rana. Daga nan sai amarya ta rubuto magana guda, kusan kullum iri ɗaya: "Bari in yi shawara da gida." Daga ranar ba a ƙara jin ɗuriyarta. Mai karatu, riƙe wannan maganar da kyau, za mu neme ta.

Maƙwabtan shagon suna da nasu bayanin. Wasu suka ce ta biyu farin jini gare ta, wasu suka rage murya suka ce maganin kasuwa ne. Wasu kuma suka ce ai dangi ne ke ba ta aiki. Na bi sawun wannan ma. Ba 'yar wani babban gida ba ce, kuma tana yi wa waɗanda ba ta haɗa yare ko addini da su ba. Zato uku, duka sun faɗi. Abu ɗaya ya rage: a je a gan ta a bakin aiki.

Safiyar yinin biki ce a wani gida. Manyan tukwane a kan murhu, hayaƙi ya cika tsakar gida, yara na ta kai da komo da farantai. Amarya na can ƙuryar ɗaki cikin ƙawayenta, lalle ya kama hannu raɗau. Na lura da abu guda: ba mai tambayarta komai. Mai rumfa ya zo, bai neme ta ba. Mai lemo ya zo, haka. Mai hoto ma haka. Kowa ƙofa ɗaya yake nufa.

Na leƙa. Wata dattijuwa ce zaune a kan darduma. Makulli ɗaure a haɓar zaninta. Jaka a gefe. Littafi a cinya.

Sai ga ta biyu. Ta tuɓe takalmi. Ta durƙusa.

"Gwaggo, sannu da hidima. Masu kujeru sun iso. Ta ina kike so a fara jerawa?"

Ta san ta inda za a fara. Ita ta auna filin tun jiya. Amma ta tambaya.

Nan ƙulli ya kwance. Amarya ba ita ce mai sayen wannan haja ba. Ita ce ke ganin talla, ita ce ke sha'awa, amma wuƙa da nama suna hannun iyaye mata. Sau da yawa ma ba mahaifiyar ce a gaba ba, domin alkunya kan sa ta ja baya, musamman a auren 'yar fari, sai gwaggo ko inna ko aminiyar uwa ta riƙe ragamar. "Gida" da amare ke cewa za su yi shawara da shi, wannan dattijuwar ce da ire-irenta. Duk tallar ta farko ba ta taɓa sallama a ƙofarsu ba.

Littafin cinyar nan kuwa shi ne zuciyar lamarin. A ciki ake rubuta gudummawa: wance ta kawo kaza, wance ta kawo kaza. Ba kyauta ba ce da ake mantawa, bashin zumunci ne da ake ramawa, sau da yawa har da ƙari, ranar da hidima ta zagayo kan mai bayarwa. Tsohon tsari ne. Ko a littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954 ana ganin yadda ƙawance da hidimar biki suka ɗaure matan Hausa da juna. Ranar aurar da 'ya ita ce ranar girbin uwa, bayan shekarun da ta yi tana shuka a bukukuwan wasu. Kuma ba da kuɗi kaɗai ake ramawa ba. Girki, jere, tarbar baƙi, rakiyar amarya, duk da su ake biya, da su kuma ake nuna wa duniya cewa gidan nan yana da mutane.

Yanzu a duba abin da ta farko ta rubuta a allonta da shafinta: "Ku bar mana komai, ku zo ku zauna kawai." A kunnen amarya, hutu ne. A kunnen gwaggo, sallama ce daga aikin da ta daɗe tana jira. A bakin unguwa kuma gori ne: ba su da dangi ne, sai da suka ɗauko bare? Maganar da aka ɗauka za ta jawo ciniki, ita ce ke korar sa.

Saura tambaya ɗaya. Ba allo, ba shago, ta yaya ta biyu ke shiga gidajen nan? Amsar tana wurin waɗanda ke jin labarin aure tun kafin a buga kati. Kafintan da aka ba aikin gado ya sani. Dillaliyar da ke kawo atamfofin lefe ta sani. Telan da aka jibge wa anko, da mai gyaran jiki, da mai ƙunshi, duk sun sani, kuma matan cikinsu suna shiga har ɗakin uwar amarya. Su take ziyarta. Takan tura musu ciniki, su kuma su ambaci sunanta a inda ya dace. In ta samu shiga, ba ta taɓa abin da yake na dangi. Lefe, kamu, jere da buɗar kai nasu ne. Ita tana ɗauke abin da ke sa hawan jini: cinikin rumfa da kujeru, kama zauren taro, janareta in an ɗauke wuta, tanti in damina ce, bin mai kiɗa da mai hoto su zo a kan lokaci. Farashin kowane aiki daban take rubutawa, a zaɓi abin da aljihu zai ɗauka. Biki ya tashi lafiya, yabo ya tafi ga gwaggo, ita kuma gwaggo ta faɗa wa matan da ke da 'yan mata a gida wadda ta rufa mata asiri.

Ba ina cewa a rufe shafin intanet ba ne. Shi ke kawo amarya, kuma wannan rabin tafiya ne. Amma duk wadda ta zuba jarinta a wannan sana'a, ranar da aka ce mata za a yi shawara da gida, kada ta zauna jira. Ta ce, "Wa ke riƙe da hidimar? Yaushe zan zo in gaishe ta?" Zumunci a ƙafa yake, cinikin biki ma haka. Sana'ar tana da gaba, domin dangi sun warwatsu a garuruwa, mata da yawa suna aikin ofis, hidima kuma kullum ƙaruwa take. Gidajen biki suna buƙatar hannu, kuma za su biya wadda ta zo taya su, muddin ta bar musu girmansu.