Tallafin Kuɗi na Gwamnati: Yadda Suna Ke Shiga Rajista da Inda Za Ka Kai Kuka

A garuruwanmu, da zarar an ji ƙishin-ƙishin rabon tallafi, tambayar farko ita ce: wa ka sani? Kansila, ko shugaban jam'iyya na mazaɓa, ko yaron ɗan majalisa. Wanda aka ba sai ya yi ta zuba godiya kamar daga aljihun mai rabon kuɗin suka fito, wanda aka tsallake kuma ya ce ba rabonsa ba ne. Alhali tallafin kuɗi na gwamnatin tarayyar Najeriya yana da ƙa'ida a rubuce, kuma yawancin cutar da ake yi wa talaka a cikinsa tana yiwuwa ne don bai san ƙa'idar ba.

An fara shirin a 2016, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, tare da N-Power da ciyar da ɗaliban firamare. A wancan lokacin, kowane gida da aka zaɓa ana ba shi naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a biya naira 10,000, kuma galibi uwar gida ce ke karɓa. Kuɗin sun fito ne daga rancen Bankin Duniya da kuma dala miliyan 322.5 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta dawo da su. Ke nan dukiyar jama'a ce, har da bashin da 'ya'yanmu za su biya.

Ginshiƙin shirin shi ne rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, wadda ofishin NASSCO ke riƙe da ita a Abuja, kowace jiha kuma tana da ofishin da ke tattara sunayen mutanenta. A ƙa'ida, ba mai unguwa ne ke rubuta sunaye a zaurensa ba. Jami'ai ne ke zuwa gari su tara jama'a, su raba su rukuni-rukuni, maza daban, mata daban, matasa daban. Kowane rukuni zai faɗi abin da ake kira talauci a garin, sannan ya lissafa gidajen da suka fi shiga wannan hali. An raba mata daban ne da gangan, domin su suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, kuma ba lalle su iya faɗa a gaban maza ba. Bayan an haɗa jerin sunayen an amince da shi a bainar jama'a, sai masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida: mutum nawa ne, da me aka yi rufin ɗaki, ina ake samun ruwa, me ake da shi na kadara. Da waɗannan amsoshi ake jera gidaje daga wanda ya fi buƙata. Idan a garinku ba a taɓa yin irin wannan taro ba amma ga sunaye sun fito, akwai abin tambaya.

Wani abu da ke jawo rigima shi ne, shiga rajista ba alƙawarin biya ba ne. Rajista rumbu ce da ake ɗebo sunaye daga ciki gwargwadon kuɗin da aka ware. Mutum zai iya shekara da shekaru a ciki bai ga kwabo ba, ba tare da kowa ya cinye masa ba. Laifin jami'ai a nan shi ne ba sa faɗa wa mutane haka tun ranar ɗaukar suna.

Ba a biyan ko sisi don shiga rajista. Babu kuɗin fom, babu na goro, babu kason wanda ya kai sunanka. Saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook cewa a latsa nan a cike tallafi, akasarinsu tarkon 'yan damfara ne. Yanzu ta asusun banki ko na waya ake biya, bayan an tantance mutum da lambarsa ta NIN. Wannan ya rage sunayen bogi, amma ya bar tsofaffi da matan karkara da yawa a baya, waɗanda ba su da lambar, ko kuma sunan da ke katinsu ya saɓa da na rajista. Duk mai tsohuwa a gida ya duba mata wannan tun kafin a fara biya. Lambar sirri ta katin cire kuɗi kuwa ba a ba kowa ita, ko da ya ce daga ofis yake.

Gwamnati ma ba ta tsaya kan magana ɗaya ba. A Yulin 2023 majalisar tattalin arziki ta ƙasa, inda gwamnoni ke zama, ta ce ba ta yarda da sahihancin rajistar ba. A Oktoba Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da biyan naira 25,000 a wata, na wata uku, ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da shirin, aka kuma dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum. Daga baya aka ci gaba da biya, wasu suka samu kashi ɗaya, wasu biyu, ba tare da an yi musu gamsasshen bayani ba. Tallafin da ba a san ranar zuwansa ba, ba a iya sayen iri ko taki da lissafinsa.

Ta fuskar doka, sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati ta yi ƙoƙarin samar da abinci, da kula da tsofaffi, marasa aikin yi da masu naƙasa, sai dai sashe na 6 ya hana kotu tilasta mata hakan. Don haka ba za ka kai ƙara don ba a ba ka tallafi ba. Abin da za ka iya kai ƙorafi a kai shi ne karya ƙa'ida: an zaftare kuɗinka, an nemi cin hanci, an musanya sunanka, ko an ware ka saboda jam'iyya. Shirin yana da jami'an karɓar koke a matakin ƙaramar hukuma da jiha. Rubuta kokenka, ka sa kwanan wata, ka riƙe kwafi. Idan an yi biris da kai, Hukumar Karɓar Ƙorafin Jama'a tana da ofis a kowace jiha kuma ba ta karɓar kuɗi, batun cin hanci kuma na ICPC ne. Ƙungiyar gari ko ta unguwa tana iya rubuta wa hukumar tarayya ta nemi sanin gida nawa aka biya a mazaɓarta da nawa aka kashe, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumar kwana 7 ta ba da amsa.