E338: mene ne wannan asid da ke cikin lemun kwalba baƙi?

Duk wanda ya juya gwangwanin Coca-Cola ko Pepsi ya karanta ƙananan rubutun da ke baya, zai ga an jera ruwa, sukari, kala, sannan "acidifiant : acide phosphorique", wani lokaci kuma lamba kawai, E338. Abu ɗaya ne, asidin fosforik. Kwalbar da ta fito daga Najeriya ko Ghana da Turanci za a rubuta sunan, amma sinadarin bai sauya ba.

Sunansa ya fi yawo ne ta bidiyoyin WhatsApp, inda ake jefa ƙusa mai tsatsa cikin kofin lemo, washegari a ciro ta fes, sai a ce to haka yake yi wa hanji. Rabin maganar gaskiya ne. Asidin fosforik yana cin tsatsa, kuma da shi ake haɗa maganin goge ƙarfe kafin fenti. Amma ciki ba ƙusa ba ne. Tumbin mutum da kansa yana fitar da asid wanda ya kai na lemon ƙarfi, har ya fi shi, kuma an halicce shi da kariyar jure hakan.

Asalin sinadarin dutse ne, dutsen fosfat. Maroko ce ke riƙe da mafi yawan wanda aka sani a ƙarƙashin ƙasa a duniya. Ana kuma haƙarsa a Taiba ta Senegal, da Hahotoe ta Togo, da Gafsa ta Tunisiya, akwai shi ma a yankin Tawa a Nijar. Ana niƙa dutsen a jiƙa shi da asidin sulfurik, sai a samu asidin fosforik. Kusan dukkansa takin zamani ake yi da shi. Ɗan kaɗan ne ake sake tacewa, a cire guba irin su arsenik da kadmiyom, kafin a yarda ya shiga abinci.

Me yake yi a cikin lemo? Gwangwani ɗaya mai santilita 33 yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, wajen ƙaramin cokali bakwai zuwa takwas ke nan. A zuba wannan a ruwa zalla, zaƙin zai gundure mutum kafin ya kai rabi. Asidin ne ke sare zaƙin, ya ba harshe ɗan kaifin nan da ke sa a ƙara kurɓa. Yana kuma hana ƙwayoyin cuta da fumfuna yaɗuwa a kwalbar da za ta yi watanni a kanti cikin zafi. Lemuka masu ɗanɗanon lemun zaƙi ko na tsami sun fi amfani da asidin sitrik, E330. Baƙin lemo ne ya riƙe na fosforik, domin tsaminsa ba ya ɗauke da ƙanshin 'ya'yan itace.

A ganina babban abin da E338 ke yi wa mai sha shi ne wannan ɓoye sukarin.

Batun yawa kuwa, a 2019 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, ta sa iyaka: miligiram 40 na fosforas kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, a haɗa da na abinci da na ƙari. Mai kilo 60 yana da miligiram 2,400 ke nan. Gwangwani ɗaya bai wuce 50 zuwa 60 ba, kofin madara ma ya fi shi nesa ba kusa ba. Jiki kuma yana buƙatar fosforas wajen gina ƙashi da haƙori, kuma ƙoda mai lafiya tana zubar da rarar ta fitsari.

Mai ciwon ƙoda lissafinsa daban ne, hukumar ma ta ce iyakar ba ta shafi wanda aikin ƙodarsa ya ragu sosai ba. Fosforas ɗin wake da gero, jiki ba ya ɗaukar ko rabinsa. Na ƙari kuwa kusan duka yake shigewa jini. Idan ƙoda ta gaza fitar da shi sai ya taru, ya jawo kalsiyom daga ƙashi, ya sa jijiyoyin jini su ƙandare, ga ƙaiƙayin jiki. Shi ya sa likitoci ke hana masu wankin ƙoda shan baƙin lemo. Mai ciwon sukari ko hawan jini da ya daɗe bai auna ƙodarsa ba, ya kamata ya sa kansa a wannan sahu har sai an gwada, domin ciwon ƙoda yakan yi nisa ba tare da alama ba.

Haƙori kuma ba ya tambayar lafiyar ƙoda. Farin rufinsa yana fara narkewa idan ma'aunin tsami, pH, ya sauka ƙasa da 5.5, baƙin lemo kuwa yana wajen 2.5, kuma wanda aka rubuta masa "sans sucre" ma yana da asidin. Wanda ke ɗan kurɓa tun azahar har la'asar ya fi wanda ya shanye lokaci guda tare da abinci cutuwa. A kurkure baki da ruwa, a jinkirta buroshi ko asuwaki kamar rabin sa'a, don rufin yana laushi a lokacin. Zoɓo da tsamiya ma suna da nasu tsamin, kada a ce na gida ne a saki jiki.

Maganar ƙashi ba ta kammalu ba. Binciken Framingham a Amurka, da aka wallafa a 2006, ya samu cewa mata masu yawan shan baƙin lemo ƙashin ƙugunsu ya fi rauni, amma ba a ga haka ga maza ba, kuma bai tabbatar asidin ne sanadi ba.

Wanda likita ya ce ya rage fosforas kada ya tsaya kan lemo kaɗai. 'Yan'uwan E338 suna cikin cukun kwali da ake shafa wa burodi, da naman gwangwani, da garin kumbura kek. Lambobinsu E339 zuwa E341, da E343, da E450 zuwa E452, ko kuma duk kalmar da aka ga "phos" a cikinta.