Littafin Da Ya Ta Da Ƙura A Ingila, Da Wanda Ya Shiga Kurkukun Romaniya

A cikin shekarar 1926 kamfanin buga littattafai na Collins da ke birnin Landan ya fitar da wani ƙagaggen labari mai suna The Murder of Roger Ackroyd, wanda wata Baturiya, Agatha Christie, ta rubuta a kan kisan gillar da aka yi wa wani attajiri a cikin ɗakin karatunsa. Littafin bai daɗe da fita ba sai gardama ta kaure tsakanin masu karatu. Waɗansu suka ce ba su taɓa ganin gwaninta irin wannan ba, waɗansu kuwa suka ce matar nan ta ci amanarsu, ta yi musu sakiyar da ba ruwa.

Wanda bai karanta littafin ba sai ya yi haƙuri, domin ba yadda za a bayyana dalilin wannan fushi ba tare da an fasa ƙwai ba. Mai ba da labarin tun daga farkonsa likitan ƙauyen ne, Dakta Sheppard, maƙwabcin Hercule Poirot, watau tsohon ɗan sandan nan na ƙasar Beljiyam wanda ya ajiye aiki ya koma noman kabewa. Duk inda Poirot ya sa ƙafa wajen bincike likitan yana biye da shi, yana rubuta abin da ya gani. Sai can a ƙarshe ta bayyana ashe shi ne ya yi kisan.

To, shi mai karanta irin waɗannan labarai na binciken kisan kai ya san za a ruɗe shi, don haka ma ya ba da kuɗinsa. Abin da yake nema kawai shi ne a ajiye masa dukkan alamu a gabansa, yadda in ya kāsa gane mai laifi zai zargi kansa. Kuma tun zamanin Dakta Watson, abokin Sherlock Holmes, an saba cewa mai ba da labari shi ne idon mai karatu, ba a tuhumarsa. Wannan sabo ne Agatha Christie ta taka.

Amma fa waɗanda suka danne fushinsu suka koma farkon littafin sun tarar da abin mamaki: likitan bai yi musu ƙaryar baki ba, tsallake kawai ya yi. Ya faɗi cewa an kawo wa attajirin wata wasiƙa da ƙarfe 9 saura minti 20 na dare, shi kuma ya fito daga ɗakin da ƙarfe 9 saura minti 10. Abin da ya auku cikin mintin nan 10 bai ce komai a kansa ba, mai karatu kuma bai tambaya ba, saboda ya riga ya yarda da shi. Muryar mamacin da aka ji daga baya kuwa daga na'urar ɗaukar murya ta fito. Dorothy Sayers, wadda ita ma gwana ce a wannan fanni, ta goyi bayan littafin, ta nuna cewa aikin mai karatu ne ya zargi kowa da kowa. A 1929 wani fadan cocin Katolika, Ronald Knox, ya tsara dokoki 10 na rubuta irin wannan labari, ta farkonsu ta hana a mai da wanda aka bari mai karatu ya shiga cikin tunaninsa ya zama mai laifi. Dokar ba ta rage wa littafin komai ba, don a 2013 ƙungiyar marubuta labaran laifuka ta Ingila ta zaɓe shi a matsayin wanda ya fi kowane a fanninsa.

Sha'anin mai karanta labaran soyayya na zamanin da dabam yake. Shi tun daga shafin farko ya san aure za a yi, saboda haka ba wanda zai ruɗe shi da ƙarshen labari. Inda yake sa ido shi ne ko an kai shi zamanin da aka yi masa alkawari. Wadda ta fi shahara wajen cika wannan alkawari ita ce Georgette Heyer, wadda aka haifa a 1902, ta rasu a 1974. Ta rubuta labaran bincike har 12, mijinta, wanda lauya ne, yana taimaka mata da ƙulla makircin, amma sunanta ya fito ne a kan labaran soyayya na tsakanin 1811 zuwa 1820, lokacin da Yarima mai jiran gado ya riƙe sarautar Ingila saboda taɓin hankalin mahaifinsa. Ta tara littattafan tarihi masu ɗimbin yawa, tana rubuta farashin kaya da sunayen tufafi da kekunan doki da irin maganar samarin wancan zamani. Da za ta rubuta An Infamous Army a 1937, kan yaƙin Watalu na 1815 inda aka karya Napoliyon, sai da ta bi takardun janar ɗin Ingila, Wellington, ɗaya bayan ɗaya. Masu karatunta sun san hannunta ƙwarai, har a 1950 ɗaya daga cikinsu ce ta rubuto mata cewa wata marubuciya tana kwasar sunaye da halayen mutanen labaranta.

Duk da wannan wahala, ita kanta ba ta ɗauki aikin da daraja ba, ba ta kuma yarda ta yi hira da 'yan jarida ba. Game da littafinta Friday's Child na 1944 ta taɓa rubuta wa mai buga mata cewa shirme ne, sai dai zai ɗebe wa wanda ke ɓoye a ramin gudun bom kewa, ko mai jinyar mura. Labarin wani matashi ne ɗan sarauta, wanda budurwa ta ƙi, ya yi rantsuwa cikin fushi zai auri mace ta farko da ya gamu da ita, ya kuwa gamu da wata marainiya da ya sani tun suna yara.

A nan dai masu karatu sun fi marubuciyar sanin abin da ta yi. Wata mata da gwamnatin kwaminis ta Romaniya ta ɗaure shekara 12 saboda siyasa ta karanta littafin kafin a kama ta. A kurkuku babu takarda, babu littafi, sai abin da ta riƙe a ka. Ta riƙa ba 'yan uwanta fursunoni labarin, in ya ƙare su ce a sāke, suna dariyar wautar angon da amaryarsa ko da yake kowa ya san yadda za a ƙare. Bayan an sako ta sai ta rubuta wa Georgette Heyer wasiƙa, ta ce da wannan labari suka tsare hankalinsu. Marubuciyar ba ta saba ajiye wasiƙun masu yabonta ba, amma wannan ta adana ta har ta rasu.