Asirin mai karatu amana ne a hannun ma'aikacin ɗakin littattafai

Duk wanda ya taɓa aron littafi a lakkwal ko a ɗakin karatu na gari ya san ɗan katin nan da ake sakawa cikin aljihun bangon littafi, inda mai aro ke rubuta sunansa da ranar da ya ɗauka. Kati ne wanda ba a ba shi wata daraja, alhali kuwa yana iya tona abin da mutum bai gaya ma ko da amininsa ba: ciwon da yake jinya a ɓoye, ko rikicin gado da ya sa shi neman littafin shari'a, ko ra'ayin siyasar da yake juyawa cikin zuciyarsa.

A shekara ta 2015 jaridar Kobe Shimbun ta ƙasar Japan ta buga hoton irin waɗannan katuna, ɗauke da sunan shahararren marubuci Haruki Murakami tun yana ɗan lise, wajen shekara 50 baya. Ta haka duniya ta san ya ari littattafan Joseph Kessel na Faransa. An tsinci katunan ne cikin tsofaffin littattafan da makarantar za ta zubar, har da sunayen waɗansu ƴan makaranta da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Japan ta ce an keta sirrin mutane. Babu wanda ya fasa ƙofa. Rashin sani ne kawai na wanda katunan suka biyo ta hannunsa.

A Amurka ne aka fi daɗewa ana fama da wannan magana. Tun 1939 ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar, watau ALA, ta sanya riƙon sirrin mai karatu cikin ƙa'idodin aikinta. A 1970 ma'aikatan baitulmalin gwamnati suka shiga ɗakunan karatu na Milwaukee da Atlanta suna neman sunayen masu aron littattafan da ke magana bisa nakiya. A 1971 ƙungiyar ta yanke cewa ba za a buɗe ma kowa rajistar aro ba sai da takardar alƙali. Jihohi 48 daga cikin 50 sun kafa doka bisa wannan.

To, amma doka tana cikin takarda, wanda ke zaune bakin tebur kuwa ɗan Adam ne, yana jin tsoro, yana jin kunya. A 1987 ƴan sandan ciki na FBI suka je ɗakin karatun lissafi da kimiyya na jami'ar Columbia a birnin New York. Ba su nemi shugaba ba, ƙaramin ma'aikaci suka tunkara, suna tambayarsa labarin baƙi masu karatu daga ƙasashen da ke bin Tarayyar Sobiyet. Da maganar ta kai ga Paula Kaufman, ɗaya daga cikin shugabannin wurin, sai ta ƙi. Daga baya ta bayyana cewa an yi irin wannan ziyara a wurare da dama.

Saboda haka horon da ake ba ma'aikata ya haɗa da kowa, har ɗalibi mai aikin sa kai. Ana koya masu cewa idan mai kaki ya zo, a karɓe shi da ladabi, a kai shi wurin darekta, kada a amsa masa komai. Ana koya masu kada su faɗa ma miji abin da matarsa ta ara, kuma kada su ambaci sunan littafi da ƙarfi gaban jama'a. Babban darasi kuwa shi ne, abin da ba a ajiye ba ba a iya ƙwace shi: da zarar littafi ya dawo, a shafe sunan mai aro. Bayan dokar tsaro ta 2001, ɗakunan karatu na Santa Cruz a Kalifoniya sun riƙa yayyaga takardun masu amfani da kwamfuta kowace rana.

A 2005 FBI ta kai ma wata gamayyar ɗakunan karatu ta jihar Connecticut wasiƙa tana neman bayanin wanda ya yi aiki da wata kwamfuta, ba tare da hukuncin alƙali ba, kuma aka hana su faɗa ma kowa. George Christian da abokan aikinsa uku suka kai ƙara ba da sunayensu ba. A 2006 gwamnati ta janye buƙatarta.

Nijar ma ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017. Sai dai a garin da kowa ya san kowa, mai tambaya ba ya zuwa da wasiƙar hukuma. Maƙwabci ne, ko kawu, ko mushen yaro, wanda zai gaisa, ya zauna, ya jawo babban littafin aro da aka bari buɗe bisa tebur, ma'aikaci kuwa yana jin nauyin ce masa a'a.