Ciwon Baya da Gaɓoɓi: Inda Ya Kamata a Nemi Magani

Ciwon baya yana daga cikin larurorin da suka fi damun manoma, 'yan dako da mata masu daka da ɗaukar ruwa. Saboda yawaitar wuraren da ke tallar gyaran baya, muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani a kan wanda ya cancanta ya taɓa bayan majinyaci.

Gyaran baya da hannu

Akwai wani fanni da ake kira kairofraktik, wanda D. D. Palmer ya ƙirƙiro a garin Davenport na Amurka a shekarar 1895. Masu wannan sana'a suna danna ƙashin baya da gaɓoɓi da hannu domin rage ciwo. Hanyar takan sauƙaƙa wa wasu masu ciwon ƙugu, amma ba ta warkar da hawan jini, ciwon sukari ko asma. Masu wannan horo kaɗan ne a ƙasar nan. Waɗanda aka fi samu a asibitocinmu su ne ma'aikatan sashen gashin ƙashi, masu amfani da motsa jiki, tausa da ɗumama gaɓoɓi. Dukkansu daban suke da masu ɗori na gargajiya.

Wa ke ba da lasisi?

Hukumar MRTB, wadda aka kafa da Doka ta 38 ta shekarar 1988, ita ke yi wa ma'aikatan gashin ƙashi rajista, yayin da hukumar MDCN ke yi wa likitoci. A nan Jihar Kano, hukumar PHIMA ce ke sa ido a kan asibitoci masu zaman kansu. Haƙƙin majinyaci ne ya nemi ganin lasisi kafin ya kwanta a gadon kowa.

Asibitin haɗin gwiwa

Wannan shi ne asibitin da ma'aikatan lafiya da dama suka haɗu a gini ɗaya, suna amfani da kati ɗaya, ɗakin gwaji ɗaya da wurin biyan kuɗi ɗaya. Amfaninsa shi ne likita zai duba mutum, ya sa a ɗauki hoton ƙashi in da buƙata, sannan ya miƙa shi ga mai gashi ba tare da sabuwar tafiya ba. Wannan sauƙi ne ga wanda ya taso daga ƙauye. Sai dai rajistar asibiti daban take da lasisin ma'aikaci, domin kowane ma'aikaci sai ya mallaki nasa. Ya kamata a tambayi sunan likitan da ke da alhakin majinyaci, da kuɗin kowane zuwa, da yawan zuwan da ake buƙata.

Lokacin da bai halatta a danna baya ba

Kada a yarda a danna ko a murɗa bayan wanda:

1. ya faɗo daga bishiya, babur ko bayan mota;
2. ƙafafunsa suka yi sanyi ko suka fara mutuwa;
3. fitsari ko bayan gida ya ƙwace masa, ko ya ƙi fita;
4. yake fama da zazzaɓi, rama da gumin dare;
5. ƙusumbi ya fara fito masa.

Alamu biyu na ƙarshe na iya nuna tarin fuka ya kama ƙashin baya. Wannan cuta tana warkewa da magani, wanda ake bayarwa kyauta a cibiyoyin gwamnati, amma danna ƙashin da ta cinye na iya gurguntar da mutum har abada. Haka kuma a yi hattara da tsofaffi, domin ƙashinsu ya yi rauni.

Matakin farko

A fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, daga nan a karɓi takardar turawa zuwa babban asibiti. Larurar da ta yi tsanani akan tura ta Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su isar da wannan saƙo a masallatai da kasuwanni, su kuma kai rahoton duk wurin da ke aiki ba tare da rajista ba.