YAUSHE ZA A CIRE WA YARO PAMPAS NA DARE?



Yaro ya iya neman fo da rana, amma da dare sai an ɗaura masa pampas, ga shi kuɗinsa kullum ƙara hawa yake. To yaushe za a daina?

Ki fara sanin wannan, uwargida: riƙe fitsari da rana koyo ne, na dare kuwa girman jiki ne. Akwai sinadarin da ƙwaƙwalwa ke saki lokacin barci, shi ke sa ƙoda ta rage haɗa fitsari. Sai ya wadata, mafitsara ta ƙara girma, ƙwaƙwalwa kuma ta iya tada yaro idan mararsa ta cika. Yawancin yara suna kaiwa nan tsakanin shekara 3 zuwa 5, wasu su wuce haka. Abin ma yana bin jini, sau da yawa idan aka bincika uban ko uwar sun yi nasu, ba a dai faɗa ne.

Alamar da za ki duba ita ce pampas ɗin safe. Idan kika yi kamar mako guda kina samunsa a bushe, ko yaron yana farkawa da kansa ya ce zai yi fitsari, to ki gwada. Ki shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado, ki ajiye fo kusa da shi, a bar ɗan haske, don wani yaron tsoron duhu ne ke hana shi tashi. Ya sha ruwa sosai da rana, a rage bayan magariba, a bar ba shi shayi da lemon kwalba da dare. Ya yi fitsari kafin ya kwanta, sannan ki tofa masa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ki shafe shi.

Zai jiƙa shimfiɗa wani daren, wannan dole ne. Don Allah kar a doke shi, kar a tara yaran gida su yi masa waƙar tsiya. Cikin barci ya yi, bai sani ba, kuma tsoro ƙara abin yake. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa ɗan Ummu Ƙais ya yi fitsari a jikin Manzon Allah (SAW), ruwa kawai ya nema ya zuba a wurin. Sai dai wancan jinjiri ne da bai fara cin abinci ba. Naki da ke cin tuwo, fitsarinsa wankewa ake yi: jikinsa, kayansa da zanin, katifa kuma a zuba wa wurin ruwa a shanya ta a rana.

Idan aka yi mako biyu kusan kullum sai ya jiƙa, ki mayar masa da pampas, a sake gwadawa bayan wata biyu ko uku. Ki kuma lura da bayan gidansa, idan yana tauri hanji na danne mafitsara. Gwanda, lemo da miyar ganye suna taimakawa.

Amma a je asibiti idan yana kuka wurin fitsari, ko akwai jini a ciki, musamman mai wanka a rafi saboda tsargiya, ko yana yawan ƙishirwa yana ramewa, don a auna suga. Haka wanda ya daina wata 6 sannan ya dawo, da wanda ya wuce shekara 5 abin bai ragu ba.

Allah Ya raya mana su bisa sunna.